Man da Aka Haɗa Domin Kai Kaɗai: Ina Gaskiyar Take?

Alkawari guda ne ya mamaye kasuwar kayan shafa a 'yan shekarun nan, daga manyan kamfanonin Amurka da Faransa har zuwa mai haɗa mai a ɗakinta tana tallarsa a Instagram. Alkawarin shi ne za a duba fatarka a haɗa maka abin da ya dace da kai, ba wanda ake sayar wa kowa da kowa ba. Kamfanin ƙasar waje zai ce ka turo hotunan fuskarka ka amsa tambayoyi, bayan 'yan kwanaki kwalba ta iso da sunanka a jikinta. Ta gida kuwa cewa za ta yi, “Hajiya, turo min hotonki in ga kalar fatarki, in yi miki haɗi na musamman.” Kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba kaɗan ba ne, haka ma waɗanda ke ƙarewa a layin asibiti ta dalilinta. Don haka ya kamata a zauna a tantance gaskiyar da ke cikin alkawarin, a ware ta daga talla, a kuma ware ta daga cutarwa.

Tushen maganar dai gaskiya ne, babu likitan fatar da zai musa. Fatar mutane ba ɗaya ba ce. A can samanta akwai wata siririyar shimfiɗa ta matattun ƙwayoyin halitta da kitse ya liƙe su, ita ke riƙe ruwa a jiki, ita ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta. Ƙarfin wannan shimfiɗa, da yawan maiƙon da fata ke fitarwa, da saurinta wajen yin baƙi in an taɓa ta, duk sun bambanta tsakanin mutane. Wani abin gado ne, wani kuma shekaru da sana'a da wurin zama ke kawo shi. Budurwa 'yar shekara 16 da maiƙo ke tsatstsafo mata a goshi, buƙatarta daban da ta kakarta, wadda fatarta ta rage fitar da maiƙo tun da al'ada ta ɗauke mata. Ɗan acaɓa da ke wuni cikin rana da ƙura, da ma'aikacin banki da ke wuni cikin sanyin na'ura, da matar da ke gaban murhun itace tana tuyar ƙosai tun asuba, kowa da abin da ke cin fatarsa. Shi ya sa man da ya karɓi ƙawarki ke iya feso miki da ƙuraje, ba kuma don jabu aka ba ki ba.

Ko mutum ɗaya ma, fatarsa ba ta zama iri ɗaya duk shekara, kuma mu mazauna bakin hamada mun fi kowa sanin haka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na taso da ƙura, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, laimar iska ta yi ƙasa ƙwarai, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, ƙauri ya yi furu-furu. Maris na kamawa sai zafi ya sauko da gumi da ƙurajen zafi da ƙyasfi. Da damina kuma tsakanin yatsun ƙafa ke ruɓewa ga mai yawan zama cikin takalmi ko cikin ruwa. Man kaɗanya mai kauri da ya ceci fata a Disamba na iya zama nauyi ga fuska mai maiƙo a Afrilu. Ga kuma alwala. Wanda ke wanke fuska da hannu da ƙafa sau biyar a rana cikin hunturu, ruwan na bushewa yana tafiya da laimar fatarsa, kuma maganin abin bai wuce ya shafa ɗan basilin ko man kaɗe tun fatar na da damshi ba. Tsarin da aka rubuta a Landan ba zai san da wannan ba sai in ya tambaya.

Ƙoƙarin rarraba fata gida-gida ba sabon abu ba ne. Tun farkon ƙarni na 20 Helena Rubinstein, wadda ta yi suna a sana'ar kayan kwalliya, ta raba fata zuwa busasshiya, mai maiƙo da sauransu, kuma har yau wannan rabon ne ake bugawa a jikin kwalabe. A 1975 Thomas Fitzpatrick, likitan fata a jami'ar Harvard, ya fito da ma'aunin yadda fata ke ƙonewa ko yin duhu a rana. Manufarsa ita ce sanin yawan hasken da za a haska wa masu cutar soriyasis, kuma da farko fararen fata kawai ma'aunin ya ƙunsa, sai daga baya aka ƙara rukuni biyu na masu duhun fata. Wato Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Buzu, da duk bambancin launin da ke tsakaninsu, an cusa su a gida biyu ko uku. Daga baya Leslie Baumann, likitar fata a Miami, ta kawo tambayoyi huɗu: maiƙo ko bushewa, gautsi ko juriya, yawan tabo ko ƙarancinsa, tamoji ko tsauri. Haɗuwar amsoshin ke ba da nau'i 16. Yawancin tambayoyin da kamfanoni ke yi wa mai saye a intanet yau jikokin waɗannan ne.

Abin da ya sauya shi ne waya mai kamara da sauƙin aika kaya. A 2014 wani likitan fata a San Diego, David Lortscher, ya kafa kamfanin da aka sani da Curology. Mai ƙurajen fuska zai tura hotuna da tarihin lafiyarsa, ma'aikacin lafiya mai lasisi ya duba, a haɗa masa mai guda da ya ƙunshi magunguna biyu ko uku a ƙarfin da aka zaɓa masa, a riƙa aiko masa, yana kuma iya rubuto ƙorafi a sauya haɗin. A Ingila akwai Dermatica da Skin + Me da ke tafiya a kan wannan hanya. A Janairun 2020 kuma, a bajekolin fasaha na Las Vegas, L'Oréal ya nuna wata 'yar na'ura mai suna Perso, wadda ke duba hoton fuska, ta duba yanayin garin na wannan rana, zafin rana da laima da gurɓatar iska, sannan ta tatso gwargwadon man da za a shafa.

A ganina waɗannan kamfanoni sun kasu biyu, kuma ba sunan da ke jikin kwalba ne ya raba su ba. Akwai waɗanda bayan allon akwai mutum mai horo da zai iya cewa, “Wannan ba ƙurajen balaga ba ne, je ka a gan ka ido da ido.” Akwai kuma waɗanda tambayoyin ado ne kawai, duk amsar da ka bayar za ta kai ka ga ɗaya daga cikin 'yan haɗe-haɗen da aka riga aka tanada. Ko a rukunin farko ma, babu wani sirri a cikin kwalbar. Magungunan da bincike ya tabbatar suna aiki a fata ba su da yawa, kuma tsofaffi ne. Tiretinoyin, wanda dangin bitamin A ne, tun 1971 aka amince da shi a Amurka don ƙurajen fuska. Akwai ɗan'uwansa adafalin, da benzoyil feroksaid mai kashe ƙwayoyin da ke rura ƙuraje, da asid ɗin azelayik mai rage ƙuraje da tabo, da niyasinamaid wanda nau'in bitamin B3 ne. Abin da mai saye ke biya shi ne zaɓin wanda ya dace, da ƙarfin da zai iya ɗauka, da wanda zai bibiye shi. Wannan aiki ne mai daraja, amma aikin likita ne da aka saba, an dai mayar da shi cikin waya.

Game da masu cewa a turo yawu su karanta ƙwayoyin gado, ko a dangwalo maiƙon fuska su ƙirga ƙananan halittun da ke zaune a kai, sannan su haɗa mai a kan sakamakon, ilimin bai kai inda tallar ta kai ba. Ba zan ba kowa shawarar kashe kuɗinsa a nan ba. Sai kuma a lura da abu biyu. Yawancin tsare-tsaren nan biyan wata-wata ne, don haka ribar kamfani na cikin ka ci gaba da saye ko da fatarka ta warke. Sannan hoton fuska da tarihin lafiya amana ce. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma mace ta tambayi kanta kafin ta tura hoton jikinta ga wanda ba ta sani ba, ina hoton zai kwana.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira, wadda yanzu kowace manhajar duba fata ke taƙama da ita. Na'ura abin da aka nuna mata take koya, kuma hotunan da aka tara aka koyar da yawancin waɗannan manhajoji na fararen fata ne. A 2022 masu bincike a jami'ar Stanford suka haɗa hotuna 656 na cututtukan fata, kowanne an tabbatar da shi ta hanyar yankar ɗan nama a duba, an kuma haɗa masu hasken fata da masu duhu. Da aka gwada manhajojin da suka yi suna, ƙoƙarinsu ya faɗi, kuma ya fi faɗuwa a kan baƙar fata. Matsalar ma ta girmi na'ura. Littattafan koyon likitanci sun daɗe suna kwatanta kumburi da cewa wurin zai yi ja, alhali a fatarmu sau da yawa duhu yake yi, ko ruwan toka, ko shuɗi-shuɗi. Wannan giɓi ne ya sa Malone Mukwende, ɗalibin likitanci haifaffen Zimbabuwe da ke karatu a Landan a lokacin, ya fitar da ɗan littafin Mind the Gap tare da malamansa a 2020, don nuna yadda alamomin cuta ke bayyana a baƙar fata. Saboda haka in manhaja ta dubi hotonka ta ba ka maki, ka ɗauke shi shawarar wanda bai san danginka ba.

Baƙar fata na da halinta, kuma duk tsarin da bai fara daga nan ba bai san mu ba. Babban halinta shi ne duk abin da ya fusata ta sai ta bar tabo. Ƙurji ɗaya da aka matse, ko cizon sauro da aka sosa, ko mai mai zafi da aka shafa, na iya barin baƙin tabon da zai yi watanni. Da yawa daga masu zuwa wurin likita ba ƙurajen ne ke damunsu ba, tabon ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce maganin da ya yi ƙarfi fiye da kima na iya haifar da abin da aka zo gudu, don haka ake farawa da kaɗan, sau biyu ko uku a mako, a ƙara a hankali. Hali na biyu shi ne tabo mai tasowa ya yi tudu, wanda ya fi yawa a cikinmu, musamman a kunne da ƙirji da kafaɗa. Mai wannan hali ya yi nesa da masu huda fata da allurai ko ƙona ta da sunan gyara. Maza kuma suna da nasu: gashin gemu mai naɗewa ya koma cikin fata bayan aski, da ƙurajen ƙeya da ke taurara. Maganinsu na farko sau da yawa shi ne a daina ƙwalƙwal da reza, a bar gashin ya ɗan tsaya. Ƙurajen da ke jeruwa a goshi, bakin gashi, su kuma galibi man kitso ne ke gangarowa ya toshe ƙofofin fata.

Rana kuwa, gaskiya ne duhun fata garkuwa ne, shi ya sa kansar fata da rana ke jawowa ba ta yawaita a cikinmu ba. Amma garkuwar ba ta hana tabo ƙara duhu. An nuna cewa ko hasken rana da ido ke gani, ba ɓoyayyen da ke ƙona Turawa kawai ba, yana sa duhu mai daɗewa a fata irin tamu, kuma man kariya daga rana mai ɗan launi, wanda aka sa wa sinadarin tsatsar ƙarfe, ya fi tare shi. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, aka ga masu shafa man kariya kullum fatarsu ba ta tsufa kamar ta masu shafawa in sun ga dama ba, bambancin ya kai kashi 24 cikin ɗari. Fararen fata ne aka gwada, don haka ba za a kwaso adadin a ɗora mana ba. Amma ga mai fama da tabo ko baƙin kumatu, man kariya mai lamba SPF 30 ko sama, da hula ko lema ko inuwa, rabin magani ne. Ga zabiya kuwa batun rai ne, domin kansar fata na kashe su da ƙuruciya a ƙasashen Afirka, kuma malafa da riga mai dogon hannu da man kariya ke tsakaninsu da ita.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. A garuruwanmu an karɓi kalmomin wannan sabon salo, an ɗora su a kan tsohuwar annoba. “Haɗi na musamman,” “oganik,” “mai fito da asalin kalarki,” duk a roba marar suna, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rajista. Abin da aka sha ganowa a irin waɗannan mayuka uku ne: sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, da haidirokwinon, da zaiba. Na farkon ya fi saurin aiki, shi ya sa mai saye ke murna a makon farko. Sitiroyid na kwantar da duk wani kumburi, fata ta yi luwai-luwai ta yi haske. Bayan watanni sai fatar ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta keto a hannu da cinya, ƙuraje su feso, makero ya bazu ya sauya kama har likita ya sha wuyar gane shi, rauni ya ƙi warkewa. Wadda ke shafe duk jiki shekara da shekaru, maganin na shiga jininta, yana iya taɓa hawan jini da sukari, ya kuma kwantar da halittar da ke saman ƙoda mai fitar da sinadarin jure wahala. Ranar da ta daina kuma fuska ta yi zafi ta yi ƙaiƙayi, sai ta koma, tana zaton man ne kaɗai ke karɓarta.

Haidirokwinon magani ne na gaske, likitoci na ba da shi don tabo, na 'yan watanni, a kan tabon kaɗai. Wadda ta daɗe tana shafa shi tana shiga rana na iya samun wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ke da wuyar fita, wanda likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001. Zaiba kuwa ba ta da wani gurbi a jikin mutum. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ɗan tayi, tana kuma maƙalewa a tawul da zanin gado ta shafi miji da 'ya'yan da ba su taɓa buɗe robar ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. Adadin ya samo asali ne daga binciken da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka bai kamata a ɗauke shi ƙidayar ƙasa baki ɗaya ba, amma duk mai ido ya san abin ya yi yawa, har a farkon 2023 hukumar NAFDAC ta kira shi matsalar lafiya ta gaggawa. Mafi muni, yanzu har jarirai ake shafa wa. Garin neman gira ake rasa ido, kuma idon nan na yaron da bai nemi komai ba ne.

Ba ina cewa duk gyaran jikin gargajiya illa ba ne. Man kaɗanya mai kyau yana riƙe laima, kuma ya fi wasu mayuka masu tsada dacewa da ƙafa da hannu a hunturu. Dilka da halawa, waɗanda suka zo mana ta hanyar Sudan da Chadi da Barno, suna cire matacciyar fata da gashi, kuma mai lafiyayyar fata ba ta da matsala da su in ba a wuce gona da iri ba. Illar tana zuwa ne in an dirje fata mai ƙuraje ko gautsi, ko in mai gyaran amarya ta zuba abin da ba ta faɗa ba don a ga haske cikin mako biyu. Sabulun salo na wanke maiƙo sosai, amma da toka ake yin sa, yana ɓangaren kanwa, alhali fata ɗan tsami-tsami take so. A ma'aunin tsami da kanwa fata na wajen 5, sabulu irin wannan kuwa 9 zuwa 10, shi ya sa yake busar da mai busasshiyar fata. Ruwan lemun tsami a fuska sannan a shiga rana na iya ƙona fata ya bar tabo. Jan lalle na asali bai cika cutarwa ba, amma baƙin da ake haɗawa da dayis na iya tayar da bororo, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada, har da rinin gashi.

To mene ne tsarin da ya cancanci a ce na mutum ɗaya ne? Matakinsa na farko shi ne sanin abin da ke damun fatar, kuma nan ne duk wata kwalba ke gazawa. A ɗauki farin tabo a jiki. Yana iya zama ƙyasfi, wanda naman gwari ne ke kawo shi, maganinsa kuma mai sauƙi. Yana iya zama bushewa ce kawai, irin wadda ake gani a kumatun yara. Yana iya zama cutar nan mai ɓatar da launin fata har wuri ya yi fari tas. Yana kuma iya zama farkon kuturta, musamman in an taɓa wurin mutum bai ji ba, kuma kuturta na warkewa da maganin da ake bayarwa kyauta, in an kama ta kafin ta ci jijiya. Abu huɗu masu kama da juna a hoto, magani huɗu daban. Haka ƙaiƙayi: in ya fi tsanani da dare kuma duk gidan na sosawa, ƙazuwa ce, sai an yi wa kowa magani tare. In babu ƙuraje amma jiki duka na ƙaiƙayi, a duba ƙoda da hanta. Ƙurajen haɓa ga macen da al'adarta ke rikicewa, gashi na fito mata a fuska, na iya zama alamar matsalar ƙwan mahaifa. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma ko sauya kama ba na wasa ba ne. Irin kansar da ta kashe Bob Marley a 1981 ke nan, daga yatsan ƙafa ta fara.

Bayan an san matsalar, sauran ba shi da yawa. Abin wanki marar zafi, da abin riƙe laima da ya dace da lokacin shekara, da kariya daga rana, sai magani ɗaya da aka zaɓa saboda matsala ɗaya. Sau da yawa gyaran farko ragewa ne ba ƙarawa ba, domin mai shafa abu bakwai in fuskarta ta rikice babu mai iya cewa wanne ne ya yi ɓarnar. Sabon abu a gwada shi a cikin dantse na kwana bakwai zuwa goma kafin ya hau fuska, kuma kada a fara sababbi biyu lokaci ɗaya. Sai haƙuri. Fata na ɗaukar kimanin wata guda kafin ta sabunta samanta, ga manya ma fiye da haka, don haka maganin ƙuraje na buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci, tabo kuma ya fi haka. Duk man da ya sauya launin mutum cikin kwana bakwai, saurin nasa shi ne abin tuhuma. Hoto ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, ya fi madubin kullum faɗin gaskiya.

Tsarin kuma dole ya sauya in rayuwa ta sauya. Mai ciki ko mai neman ciki ta ajiye dangin bitamin A da haidirokwinon, kuma na sha daga dangin bitamin A ɗin, wanda ake ba masu ƙuraje masu tsanani, yana nakasa ɗan tayi, ba a shan sa sai a hannun likita. Mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, kada ya kankare kaushi da reza, man da ke da yuriya ya ishe shi. Wadda ta daɗe a kan man sitiroyid kada ta yanke rana ɗaya, likita ne zai sauko da ita mataki-mataki. Wannan komawar a sake dubawa, bayan wata biyu ko uku, ita ce ta bambanta tsari da sayayya.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: wa zai duba? A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara likitan fata ɗaya bai kai ga mutum miliyan ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin na manyan asibitoci ne, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin ƙauye kemis yake zuwa, a miƙo masa man nan mai haɗin magani uku, wanda akwai sitiroyid a ciki, ko mene ne ke damunsa. Amma akwai abin koyi kusa da mu. A yankin Bamako na Mali an ba ma'aikatan ƙananan asibitoci kimanin 400 horon kwana ɗaya kan cututtukan fata da aka fi gani, kuma rahoton da aka buga a 2005 ya nuna masu samun ganewa da maganin da ya dace sun tashi daga kashi 42 zuwa 81 cikin ɗari, kuɗin magani kuma ya ragu. A Moshi ta Tanzaniya akwai cibiyar da tun 1992 take horar da jami'an lafiya daga ƙasashen Afirka kan fata. A watan Mayun 2025 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin ɗaukar cututtukan fata a matsayin abin ba fifiko. Waya ma na da amfani a nan, in ma'aikacin lafiya ne ya ɗauki hoton ya tura wa ƙwararre, ba mai saye ya tura wa mai sayarwa ba. Gwamnatocin jihohinmu za su iya yin abin da Mali ta yi ba tare da jiran kowace na'ura ba.

Kai kuma mai karatu, ko ke, duk wanda ya ce zai haɗa abin da ya dace da fatarka, a Kano yake ko a Kalifoniya, ka yi masa tambaya uku kafin ka biya. Me ka ce yana damun fatata? Mene ne a cikin robar nan, da sunansa da yawansa? Yaushe zan dawo ka sake dubawa? In ya kasa amsa ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka ka nufi asibiti.